Hita mai wat 1000 da take ba da wat 612: lissafin turjiya da wat daga bolt da amfiya

Tambaya: "Ina koyon aikin wayarin, wata na huɗu ke nan. Hitar dafa ruwa ta gidanmu an rubuta mata 230V da 1000W, amma kwanakin nan sai ruwa ya ga dama yake tafasa. Na ari mitar maigidana na auna, soket yana ba da bolt 180, hitar kuma tana jan amfiya 3.4. Da waɗannan lambobi biyu, yaya zan gane turjiyar hitar da wat ɗin da take ci? Ko dai hitar ce ta fara mutuwa?"

Amsa:

Hitarka lafiyarta ƙalau, wutar layinku ce ta yi sanyi. Lambobi biyun nan da ka kawo sun isa su wanke ta daga zargi, kuma ka kyauta da ka auna kafin ka ce komai, don da yawa sai sun sayo sabuwa sannan su ga ita ma haka take yi.

Turjiya ana samunta ne in aka raba bolt da amfiya. A rubuce: R = V ÷ I. Naka, 180 ÷ 3.4, ya ba da om 52.9.

Wat kuma ana samunsa in aka ninka bolt da amfiya: P = V × I. Naka, 180 × 3.4, ya ba da wat 612.

To ta yaya na san hitar ba ta da laifi? Daga rubutun jikinta. In kana da bolt da wat na wani abu mai zafi, ka ninka bolt ɗin da kansa, ka raba da wat, turjiyar da kamfani ya yi shi da ita za ta fito: R = V × V ÷ P. Wato 230 × 230, wanda ya kama 52,900, a raba da 1000. Om 52.9. Daidai da abin da awonka ya bayar, ba ƙari ba ragi. Wayar da ke cikin hitar tana nan yadda aka ƙera ta. Abin da ya sauya shi ne abin da ake ba ta.

Bari in tsaya kan sunayen nan huɗu kaɗan, don in mutum bai kama su da kyau ba, haddace dabarar lissafi ba ta hana shi ƙona kayan mutane. Bolt shi ne ƙarfin turi, kamar tsayin tankin ruwa a saman gini: iya tsawon da aka ɗaga shi, iya ƙarfin da ruwa zai zo da shi a famfo. Amfiya ita ce yawan wutar da ke wucewa ta cikin waya a kowane daƙiƙa, kamar yawan ruwan da ke zuba a bokiti. Turjiya, wadda ake aunawa da om, ita ce matsin hanya, bututu siriri ne ko mai faɗi. Wat kuwa shi ne aikin da ake yi a daƙiƙa guda: zafi, haske ko juyin inji. Misalin ruwa yana da iyakarsa, don in ka yanke bututu ruwa zai malale a ƙasa, in ka yanke waya kuwa wuta tsayawa take yi cak. Amma don fahimtar lissafin yau ya wadatar. Harafin I da ake sa wa amfiya yana rikita masu koyo, daga wata kalmar Faransanci ya fito mai nufin tsananin gudu. Alamar om kuma, Ω, harafin Girkanci ce, ita za ka gani a jikin mita.

Mutumin da aka sa wa om sunansa shi ne Georg Simon Ohm, Bajamushe, malamin makaranta a birnin Kolon. Mahaifinsa maƙerin makullai ne, shi ma ya iya aikin hannu, har da kansa yake jan wayoyin da yake gwaji da su. Batiran zamaninsa ba sa tsayawa a ƙarfi ɗaya, sai ya koma samar da wuta ta hanyar haɗa ƙarfe biyu daban-daban, ya sa mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗaya a ƙanƙara. Ya wallafa sakamakonsa a 1827, malaman ƙasarsu suka yi masa riƙon sakainar kashi, sai a 1841 ƙungiyar masanan kimiyya ta Landan ta ba shi lambar yabo. A daidai wannan lokacin James Joule a Ingila ya nuna cewa zafin da waya ke yi yana bin amfiya ninke da kanta, a ninka da turjiya. Wannan ce dabara ta huɗu da za ka riƙe: P = I × I × R. Gwada da naka: 3.4 × 3.4 ya ba da 11.56, ka ninka da 52.9, ka dawo kan wat 612 ɗin nan. Duk hanyar da ka bi, gida ɗaya za ta kai ka, domin dabarun asali biyu ne kawai, sauran 'ya'yansu ne.

Ga abin da nake so ya zauna maka a kai. Wat 1000 da aka rubuta a jikin hita alkawari ne mai sharaɗi: in ka ba ni bolt 230, zan ba ka wat 1000. Hitar ba ta san wata lamba 1000 ba. Abin da take da shi na kanta, wanda ba ya rabuwa da ita, shi ne om 52.9. Duk bolt ɗin da ya zo, turjiyar ce za ta yanke yawan amfiyar da za ta wuce, sannan wat ya biyo baya. A bolt 230, amfiya 4.35 ke wucewa, wat ya cika 1000. A bolt 180, amfiya ta sauka zuwa 3.4.

Ka lura da yadda asarar ta ninku. Daga 230 zuwa 180, bolt ya ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari. Amma wat ya ragu da kusan kashi 39. Dalili kuwa shi ne duka biyun abubuwan da ake ninkawa sun sauka tare: turi ya ragu, saboda haka amfiya ma ta ragu, sai ka ninka ƙaramin abu da ƙaramin abu. In bolt ya sauka zuwa rabi, wat ba rabi yake komawa ba, rubu'i yake komawa. Shi ya sa ranar da wuta ta zo kamar fitilar aci-bal-bal, dutsen guga ba ya ko kwantar da ƙwaryar hula.

Mu kai shi ga bokiti. Lita 5 na ruwa, daga ɗumin ma'auni 25 zuwa tafasa a 100. Kowace lita tana buƙatar jul (ma'aunin yawan zafi ko aiki) 4,186 kafin ta hau mataki ɗaya na zafi, wat ɗaya kuma jul ɗaya ne a daƙiƙa. Ka ninka 5 da 4,186 da 75, za ka sami jul miliyan 1 da dubu 570 ko kusa da haka. A wat 1000 wannan aikin minti 26 ne. A wat 612 sai ya ci minti 43. A zahiri ma zai fi haka, don bokiti yana zubar da zafi ta gefe da ta sama, kuma iya daɗewarsa a kai iya asarar. Ka ga abin da ya sa mutanen gida suka fara zargin hita.

Wani zai ce to ai ko banza an samu sauƙin kuɗin wuta. Ba a samu ba. Mitar gida ba wat take ƙirgawa ba, wat a ninka da lokaci take ƙirgawa. Yunit ɗaya shi ne wat 1000 na tsawon awa guda. Tafasa lita 5 ɗin nan zai ci kusan yunit 0.44 ko da cikakkiyar wuta ko da mai sanyi, bambancin kawai shi ne jiran da za ka yi, da ɗan ƙarin da ya tafi a iska.

A unguwa in wuta ta zo haka sai ka ji ana cewa "lo karan" aka kawo, wato wai amfiya ce ta yi ƙasa. Ba na faɗa da bakin jama'a, amma kai da za ka ci abinci da sana'ar nan ka san cewa bolt ne ya sauka, saukar amfiya a hita sakamako ne. Kuma kamar yadda za ka gani nan gaba, akwai kayan da amfiyarsu hawa take yi a irin wannan rana.

Lissafin nan yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, kuma can ne ya fi tsada. In wuta ta zo da ƙarfi, a ce bolt 250, hitarka za ta ja amfiya 4.7, ta ba da wat kusan 1,180. Za ta jure na wani lokaci, rayuwarta ce za ta gajarta. Babbar ɓarnar tana faruwa da kayan da aka kawo daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce. Ɗauki tukunyar lantarki mai wat 1000 ta can. Turjiyarta 120 × 120 ÷ 1000, wato om 14.4 kacal. Ka jona ta a bolt 230 namu, amfiya ta tashi zuwa 16, wat ya haura 3,600. An yi ta don ta ɗauki kaya ɗaya, an ɗora mata kusan huɗu. Sauya mata fulogi don ta shiga soket ɗinmu bai taɓa turjiyarta ba, hayaƙi ne kawai zai biyo baya.

Yanzu ga gargaɗi, don na sha ganin yaro ya koyi R = V ÷ I yau, gobe ya ɗauke ta ya dinga dukan kowane irin kaya da ita. Hita ta yi maka biyayya ne saboda wayarta, wadda ake yi da haɗin nikel da kuromiyam, turjiyarta ba ta cika sauyawa ba ko ta yi ja. Ba kowane abu ke da wannan halin ba.

Ɗauki tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki, mai wat 60. Lissafi ya ce 52,900 ÷ 60, om 882. Ka cire shi ka auna da mita yana sanyi, sai ka ga om 60 zuwa 70. Ba mitar ce ta lalace ba, kuma lissafin bai yi ƙarya ba. Zaren tangistin ne, kuma in ya kama wuta zafinsa yana haura mataki 2,000, turjiyarsa ta ninka fiye da sau goma. Ma'ana a ƙiftawar idon farko da ka danna makunni, ƙwan yana jan amfiya sama da 3, alhali in ya zauna 0.26 yake ci. Wannan ne ya sa irin ƙwan nan ya fi mutuwa a lokacin kunnawa, ka ji "tas" da ɗan walƙiya, shi ke nan.

Cajar waya, cajar kwamfuta, talabijin na zamani da yawancin fitilun LED kuma nasu halin daban. Duba jikin cajar kwamfuta, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240V. A cikinta akwai na'urar da ke riƙe wat a inda ake bukata. In bolt ya sauka, sai ta ƙara jan amfiya don ta cike giɓin. Raba bolt da amfiya a nan zai ba ka wata lamba, amma lambar za ta sauya duk lokacin da wuta ta motsa, ba turjiyar komai ba ce. Sitabilaiza ma haka take. In ka sa wa hitarka ita, za ta ɗaga 180 zuwa 230, hitar ta ba da cikakken wat 1000. Sai dai ba daga sama take samo shi ba: daga layi za ta ja 1000 ÷ 180, amfiya 5.6, har da ɗan ƙari na abin da ita kanta take ci. Kowane gida a layi ya sa tasa, kowa yana ƙara jan amfiya ta waya ɗaya, bolt ya ƙara faɗuwa, na ƙarshen layi ya sha wahala.

Sai masu inji a ciki: firij, fanka, na'urar sanyaya ɗaki, famfon tura ruwa. Waɗannan suna da naɗin waya, kuma wutarmu ta gida mai kai da komo ce, sau 50 a daƙiƙa. A cikin naɗin waya amfiya tana ɗan makara a bayan bolt, ba sa kai ƙololuwa tare, saboda haka in ka ninka su ba wat za ka samu ba, abin da ake rubutawa VA za ka samu. Wat na gaskiya sai ka ƙara ninkawa da wani kaso da bai kai ɗaya ba. In firij yana jan amfiya 1 a bolt 230, VA ɗinsa 230 ne, amma in kason nasa 0.6 ne, wat 138 yake ci. Waya da fiyus amfiyar suke ji, mitar gida kuwa wat na gaskiya take ninkawa da lokaci. Wannan ne sirrin rubutun jikin janareta: wanda aka ce kVA 5 ne, wato VA 5,000, da kaso 0.8, wat 4,000 ne ƙarfinsa. Ga kuma tashin inji, wanda ke jan amfiya ninkin-ba-ninkin na ɗan lokaci. A wuta mai sanyi injin firij yakan kasa tashi, ya tsaya yana gurnani yana shan amfiya mai yawa, naɗinsa yana zafi. Hita a bolt 180 ragonci kawai take yi. Firij a bolt 180 yana iya mutuwa. In ka ji yana "ƙyat" yana shiru, yana sake "ƙyat", cire shi daga wuta.

Ga hita, dutsen guga, tukunyar shayi da risho na lantarki, kason nan ɗaya ne cif, don haka V × I ɗinka wat ne na gaskiya. Bolt 230 ɗin da mita ke nunawa ma an riga an daidaita shi don irin wannan lissafi: ƙololuwar wutar tana kai wa wajen 325, amma 230 shi ne adadin da zai ba da zafi daidai da na batir mai bolt 230. Ba ka da wani gyara da za ka yi.

Akwai awo ɗaya da ba ka yi ba, kuma ina so ka koma ka yi shi. Bolt 180 ɗin nan, hita tana kunne ka gan shi ko tana kashe? Auna duka biyun a soket ɗaya. In a kashe 183 ne, a kunne 180, to matsalar daga waje take, taransifomar unguwa ta yi wa kaya kaɗan ko layin ya yi tsawo, ba abin da za ka iya yi da sukundireba. Amma in a kashe 200 ne, kana kunnawa ya faɗo 180, to ka tsaya. Bolt 20 sun ɓace a hanya saboda amfiya 3.4 kawai. Dokar Ohm ta ce 20 ÷ 3.4, kusan om 6 na turjiya a inda bai kamata a samu ko om 1 ba. Kuma 20 × 3.4, wat 68 suna zama zafi a wani wuri da ba cikin bokiti ba. Sai ka maimaita awon a bakin allon mita, hita tana kunne. In can bai faɗi ba, ɓarnar tana tsakanin allon da soket, cikin gidanku.

Waya ma tana da turjiya, kaɗan ce kawai. Jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1, tsawon mita 1, yana da om 0.0172. Don kowace waya, ka ninka wannan da tsawo, ka raba da kauri. Kada ka manta wuta zuwa take yi ta dawo, saboda haka tsawon biyu ne. A ce an ja wayar 1.5 tsawon mita 30 zuwa shagon ƙofar gida: mita 60 ke nan, sau 0.0172, a raba da 1.5, om 0.69. In ƙwan fitila da caja ne a kai, amfiya 1, asarar ba ta kai wat 1 ba. In aka ɗora dutsen guga biyu, amfiya 10, sai ka tuna da Joule: 10 × 10 × 0.69, wat 69. Amfiya ta ninka sau goma, zafi ya ninka sau ɗari. In kuma wayar irin siririyar nan ce ta 0.75, asarar wat 138 ce. Ga wayoyin kasuwa da roba ta yi kauri ƙarfen ciki kamar gashi, wasu ma alminiyom ne aka shafa masa jan launi, shi kuwa turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi. Kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙasa ka san abin da ka saya.

Duk da haka zafin da ya bazu a mita 60 da sauƙi. Wanda ke tayar da gobara shi ne wanda ya taru a wuri ɗaya. An taɓa kirana shagon wani mai wanki da guga, ya ce soket yana wari kamar ana ƙona kifi. Na tarar fuskar soket ɗin ta yi ruwan ƙasa a gefen rami ɗaya, robar ta ɗan kumbura. Da na kwance, sukurun da ke riƙe wayar wuta ya saki, ina taɓa wayar da yatsa tana rawa, silinta uku kawai ke taɓa ƙarfe, sauran sun yi baƙi, robar wayar ta bushe tana marmashewa kamar ƙanzo. Fiyus bai taɓa yankewa ba, kuma mai shagon yana ta mamakin hakan. Ai ba zai yanke ba. Fiyus amfiya yake gadi, amfiyar kuwa ba ta wuce ƙa'ida ba. Mahaɗa mai sako-sako da ta kai rabin om, a amfiya 10, tana ba da 10 × 10 × 0.5, wat 50, a wuri da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ƙarfen narka dalma da masu gyaran rediyo ke aiki da shi wat 30 zuwa 40 ne. Ka ga kamar an ɓoye irinsa a cikin bango, an bar shi a kunne tun safe.

Tunda na ambaci fiyus: fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi yana ɗaukar fiyus har na amfiya 13. Ka ninka da 230, wat 2,990. Iyakar abin da soket ɗaya zai ɗauka ke nan. Kayan da aka jona a jere kan abin jona fulogi guda, amfiyarsu haɗuwa take yi. Hita biyu irin taka a cikakkiyar wuta amfiya 8.7 ne, uku sun kai 13, an zo bakin gaɓa. Wanda ya cire fiyus ya naɗa waya a gurbinsa, ya mayar da wayar gidan ce fiyus.

Za ka ƙara gamuwa da lissafin nan ranar da aka fara kai ka aikin sola, kuma can ne masu wayarin gida suka fi yin kuskure, don idonsu ya saba da amfiya kaɗan. Wat 1000 a bolt 230 amfiya 4.35 ne. Wat 1000 ɗin nan daga batir mai bolt 12, amfiya 83 ne, kafin ma a sa abin da inbata ke ci. A ce batir yana nesa da inbata mita 2, wani ya haɗa su da wayar 2.5 da ya saba sa wa soket. Mita 4 zuwa da dawowa, om 0.0275. Lamba ce kamar ba komai. Amma 83 × 83 × 0.0275 ya kusa wat 190, kuma bolt 2.3 sun zube a hanya daga cikin 12 ɗin da ake taƙama da su. Inbata ta fara kuka tana cewa batir ya ƙare, alhali batir cike yake, waya kuma ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta. Da wayar 25 aka sa, asarar wat 19 ce. Wannan ne kuma dalilin da manyan haɗi ke komawa bolt 24 ko 48: ka ninka bolt sau biyu, amfiya ta koma rabi, asarar waya ta koma rubu'i. A 48 kuwa kashi ɗaya cikin goma sha shida. Hikimar ɗaya ce da ta manyan turakun da ke ɗauko wuta daga Kainji da Shiroro a bolt 330,000, a sauke ta zuwa 132,000, zuwa 33,000 da 11,000, sai a bakin unguwa taransifoma ta mayar da ita wadda za ta shiga gida. Da a bolt 230 za a turo ta tun daga madatsa, da wayar ce za ta cinye ta kafin ta iso Kaduna.

A ƙananan kaya kuwa abin da ke kayar da mutane shi ne miliamfiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Kana so ka kunna ƙaramar LED ja daga batir mai bolt 12. Ita tana riƙe wajen bolt 2, tana son miliamfiya 20. Razista, wato ɗan ƙaramin abin da ake sawa don ya ba da turjiya, za ta ɗauki sauran bolt 10. Kafin ka raba, mayar da miliamfiya 20 zuwa amfiya 0.02. Sai 10 ÷ 0.02, om 500, ka ɗauki ta 510 ko 560 da ake samu a kasuwa. Wanda ya manta ya raba 10 da 20 zai sami rabin om, LED ɗin ta yi walƙiya sau ɗaya a rayuwarta. Ka lissafa wat ɗin razistar ma: 10 × 0.02, wat 0.2. Mai rubu'in wat za ta ɗauka amma a ƙurarren wuri, ni mai rabin wat nake sawa.

Game da mitar maigidanka, abu uku. In mai baki ce da ake maƙalawa a waya, waya ɗaya ake kamawa. Ka kama mai zuwa da mai dawowa tare, sifili za ta nuna maka, don sun soke juna. In mai tsinke biyu ce kuma ka juya ta zuwa awon amfiya, kada ka kuskura ka tsoma tsinkayen a ramukan soket kamar yadda kake auna bolt. A wannan yanayin turjiyar mitar kusan babu ce, ka raba 230 da kusan babu ka ga abin da zai wuce ta hannunka. Awon om kuma ba a yinsa sai an cire abu daga wuta gaba ɗaya, domin mitar da batirinta take aunawa.

Jikinka ma yana cikin lissafin. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa, amma jiƙaƙƙen hannu da ƙafa a kan jiƙaƙƙen siminti suna iya saukar da ita zuwa wajen om 1,000. Ka raba 230 da 1,000, miliamfiya 230. Na'urar kariya da ake sa wa gidaje don ceton rai a miliamfiya 30 take yanke wuta, ka ga nisan da ke tsakani. Ko a bolt 180 ɗinku, miliamfiya 180 ce za ta ratsa mutum. Ka gaya wa mutanen gida kada kowa ya tsoma yatsa a bokiti don jin ko ruwa ya yi zafi alhali hita tana jone.

In ka koma gida, zare hitar daga soket, ka bari ta huce, ka sa mita a awon om, ka taɓa ƙafafun fulogi biyu na wuta. Ya kamata ka ga wani abu kusa da 50 zuwa 55. In mitar ta nuna hanya a buɗe, wayar ciki ta tsinke ko fiyus ya tafi. In lambar tana tsalle lokacin da kake lanƙwasa wayar a gindin fulogi, akwai karaya a ciki. Daga nan ka sa mitar a ma'auninta mafi girma, tsinke ɗaya a ƙafar wuta, ɗaya a jikin ƙarfen da ke shiga ruwa. Nan bai kamata ta nuna komai ba. In ta nuna wata lamba, ko da babba ce, wuta tana tsiyaya zuwa ruwa, kuma wannan hitar ba ta sake shiga bokiti ba, ko da om 52.9 ɗinta yana nan daram.